Gwamnan New South Wales

Gwamnan New South Wales shi ne wakilin Sarkin Ingila, a matsayinsa na Sarkin Ostireliya, a jihar New South Wales. Ba zaɓensa ake yi ba. Sarki ne ke naɗa shi bisa shawarar Firimiyan jihar, kuma a al'ada yakan yi kimanin shekara biyar a kan kujerar. Babu muƙamin gwamnati da ya kai shi daɗewa a duk faɗin ƙasar. Tsarin ya yi kama da na Jihar Arewa a 1962, lokacin da Sir Kashim Ibrahim yake Gwamna mai wakiltar Sarauniya, mulki kuwa yana hannun Firimiya, Sardauna.

Zamanin farko

Gwamna na farko shi ne Kyaftin Arthur Phillip, wanda ya sauka a bakin tekun Sidni ranar 26 ga Janairu, 1788, da ayarin jiragen ruwa goma sha ɗaya ɗauke da fursunoni da sojoji daga Birtaniya. A wancan lokaci wuƙa da nama duk suna hannun gwamna: shi ke rabon filaye, shi ke yanke yawan abincin da za a ba kowa daga rumbun gwamnati, shi ke yi wa fursuna afuwa. Saƙo daga Landan yakan yi watanni a teku, don haka babu mai tsawata masa a kusa.

Gwamnoni huɗu na farko duk hafsoshin sojan ruwa ne. Na huɗun, William Bligh, ya yi karo da hafsoshin rundunar yankin da attajiri John Macarthur, waɗanda suka mamaye cinikin barasar ram har ta zama kamar kuɗi a hannun jama'a. Ranar 26 ga Janairu, 1808, Manjo George Johnston ya jagoranci sojoji zuwa gidan gwamna suka tsare shi. An ce a ƙarƙashin gado aka same shi, ko da yake wasu masana na ganin sharrin abokan gaba ne.

Lachlan Macquarie, wanda ya yi mulki daga 1810 zuwa 1821, shi ne ya mai da sansanin fursunoni gari. Ya gina hanyoyi da asibiti da coci, ya kuma ba tsofaffin fursunoni muƙamai, har ya zauna cin abinci da su, abin da ya fusata masu hannu da shuni. Amma shi ne kuma ya tura sojoji kan 'yan asalin ƙasar a 1816, aka yi musu kisan gilla a wani wuri mai suna Appin.

Raguwar iko

Dokar 1823 ta kafa majalisar da za ta riƙa ba gwamna shawara. Zuwa 1856 mulki ya koma hannun Firimiya da ministoci masu amsa tambaya a gaban zaɓaɓɓiyar majalisa. Duk da haka wani iko ya rage a ajiye. A watan Mayun 1932 Gwamna Sir Philip Game ya sauke Firimiya Jack Lang a rikicin biyan basussuka. Har yau ana taƙaddama kan dacewar matakin.

Sai a 1946 aka naɗa haifaffen Ostireliya, Sir John Northcott. Dokar Ostireliya ta 1986 ta cire hannun gwamnatin Birtaniya daga naɗin. Marie Bashir ce mace ta farko, a 2001, sannan Margaret Beazley ta hau a 2019.

Aikinsa a yau

Gwamna yana sa hannu a kan dokoki, yana rantsar da ministoci, yana shugabantar Majalisar Zartarwa, yana ba da lambobin yabo. Fadarsa tana Sidni, kusa da tashar ruwa.