Fure Ya Yi Yawa, 'Ya'ya Babu: Tambayoyi Kan Ƙudan Zuma da Sauran Masu Barbarar Fure a Lambun Gida

Mai ɗan lambu a bayan ɗaki ya san taki, ya san ban ruwa, ya san shagon da ake sayar da maganin feshi. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne aikin da ke gudana a cikin fure tsakanin asuba da hantsi, alhali a nan ne ake yanke hukuncin ko shuka za ta ba da 'ya'ya ko za ta tsaya a ganye.

Kabewata ta yi yaɗo sosai, ga fure ko'ina, amma 'ya'yan suna yin rawaya su zube tun suna ƙanana. Cuta ce?

Kafin ki ce cuta, ki fita da sassafe ki duba furannin. Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn tsinke, cikinsa akwai wani gari rawaya mai kama yatsa. Macen kuwa a gindinta za ki ga 'yar kabewa ƙarama tun kafin furen ya buɗe. Sai garin namijin ya isa tsakiyar macen sannan wannan 'yar kabewar za ta kama. Garin yana da nauyi da ɗanƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa, dole sai wani ƙwaro ya shiga namijin ya kwaso a jikinsa ya kai.

Lokacin kuma ƙanƙane ne. Furen kabewa yana buɗewa da asuba, kafin azahar ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. Idan a waɗannan sa'o'in babu wanda ya ziyarce shi, ɗan ya tafi ke nan. Idan an ziyarce shi amma garin da ya samu bai isa ba, sai ya fito a karkace, gefe ɗaya cike, ɗaya a tsuke. Haka abin yake ga kankana da kokwamba da agushi. Duma ne ya bambanta: furensa fari ne, da yamma yake buɗewa, masu yi masa aiki kwarin dare ne.

Idan kin tsaya kwana biyu ko uku ba ki ga mai shiga furen ba, ki yi aikin da hannunki. Ki tsinko namiji da ya buɗe a safiyar, ki cire ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Cikin 'yan kwanaki za ki ga ɗan ya fara kumbura. In kin yi haka amma yana ci gaba da zubewa, sai a nemi dalili a wani wurin: ƙishirwa, tsananin zafi, ko ƙudan da ke huda ɗanyen ɗa ya saka ƙwai a ciki. Kada kuma hankalinki ya tashi idan furannin farko duk maza ne, haka kabewa take farawa.

Duk abin da muke shukawa ne ke buƙatar waɗannan kwari?

A'a. Gero da dawa da masara iska ce ke kai musu bununi. Shinkafa da alkama da gyaɗa kusan da kansu suke gama komai. Tumatir, barkono, kuɓewa da wake suna iya yin 'ya'ya ba tare da baƙo ba, sai dai ziyarar kwari tana ƙara musu yawa da cika.

Rahoton da kwamitin masana na ƙasa da ƙasa mai suna IPBES ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da barbarar kwari da tsuntsaye da jemagu, amma idan aka auna da nauyin abin da ake girbewa, waɗannan nau'o'in kashi 35 ne. Ma'ana, in kwarin nan suka ragu, tuwo zai samu, miya ce za ta sha wahala: kabewa, daddawa, man kaɗanya, riɗi, sai kuma kayan marmari. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya gano cewa furannin da aka hana kwari isa gare su sun yi asarar kimanin kashi 37 a auduga da kashi 59 a riɗi. Duk wanda ya san abin da riɗi ke kawo wa manomin Jigawa ko Binuwai ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ni dai ban cika ganin ƙudan zuma a gidana ba. Su kaɗai ne ke wannan aiki?

Ko kusa. Dangin ƙudan zuma a duniya sun kai nau'i 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zama a amya, ba su da sarauniya, ba sa tara zumar da za a ɗiba. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta, ta tara garin fure, ta saka ƙwai a kai ta rufe. Da yawa muna ganinsu kullum, ba mu san dangin zuma ba ne.

Akwai ƙaton nan baƙi mai ƙugi, wani da rawayan gashi a kafaɗa, wanda ke huda busasshen itacen rumfa ko gora har gari ya riƙa zubowa. Yara na gudunsa, manya na kai masa duka da tsintsiya, alhali yana cikin manyan masu hidimar zogale da wake. Namijinsa ma ba ya harbi sam. Akwai wadda ke yanke gefen ganye a zagaye kamar an sa almakashi. Mutane kan ɗauka ɓarna ce su yi feshi, ita kuwa shimfiɗa take yi wa 'ya'yanta, kuma abin da ta yanka ba ya kashe shuka. Akwai masu ƙananan ramuka a jikin tsohuwar katangar laka. Akwai kuma galla, 'yan mitsi-mitsin nan marasa harbi da ke damun ido da gumin mutum lokacin zafi, suna zama a kogon itace ko tsagar bango. A kan furen kaɗanya, su da ƙudan zuma ne kan gaba.

Sannan ga waɗanda ba dangin zuma ba ne. In mangwaro ya yi fure da hunturu, tsaya ƙarƙashinsa ka ɗaga kai: da yawa daga cikin masu kai-kawo ƙudaje ne, har da koren ƙudan nan da ake ƙyama. Wani ƙudan ma ya ari kamannin zuma, rawaya da baƙi, amma fikafikansa biyu ne ba huɗu ba, idanunsa manya, yana tsayawa cak a iska. Ba ya harbi, tsutsar wasunsu kuma tana cinye ƙananan kwarin da ke tsotsar ganye. Furen kuka da magariba yake buɗewa, fari, yana reto a dogon tsinke, jemagu masu cin 'ya'yan itace ne ke zuwa masa. Ɗorawa ma jemage ne da dare, ƙudan zuma da sanyin safiya. Ɓaure kuwa furensa a ɓoye yake cikin abin da muke kira ɗansa, wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar riɗi ba ne ke kutsawa ciki, babu mai iya yin aikin sai shi.

Ƙanƙantarsu ba ta rage darajarsu ba. Har zuwa 1981, a gonakin kwakwar manja na Malesiya ma'aikata ne ke barbara da hannu. A shekarar aka kai musu wani ɗan ƙwaro daga Kamaru wanda dama shi ke wannan aikin a Afirka, ya karɓe aikin baki ɗaya.

Me ya sa ban taɓa ganin ƙudan zuma a furen tumatir ba?

Saboda babu ruwan zaƙi a ciki, garin kuma a kulle yake cikin wani ɗan bututu, sai an girgiza yake fitowa. Ƙudan zuma na amya bai iya wannan girgizar ba. Ƙaton baƙin nan da wasu danginsa sun iya: su kama furen, su kaɗa jijiyoyin fikafikansu har ka ji ƙarar ta canza ta yi siriri, garin ya zubo musu a jiki. Yalo da gauta ma haka. Idan tumatirinka yana lungun da iska ba ta shiga, ka riƙa ɗan kaɗa sandar da ka ɗaure shi da hantsi. Amma furen da ke zubewa a tsakiyar zafin Afrilu, wannan zafi ne ya kashe garin, babu ƙwaron da zai gyara.

Gwandar da ke fure ba ta 'ya'ya, in sare ta?

Mai yiwuwa namiji ce, za ka gane ta da dogayen tsinkaye masu tarin ƙananan furanni. In sauran gwandojinka mata ne zalla, kuma babu wani namijin a maƙwabta, sare ta zai bar su ba 'ya'ya. A bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Da almuru ake ɗaukar garinsa, wasu manyan kwarin dare masu dogon baki ne ke yi.

Ta yaya zan san ko lambuna yana da isassun masu ziyara?

Da zama da kallo, kuma a ganina wannan ya kamata ya zo kafin kowace shawarar sayen magani. A Birtaniya akwai wata ƙidaya da jama'ar gari ke yi: mutum ya zaɓi fili mai faɗin santimita 50 kowane gefe inda fure yake, ya zauna minti 10, ya ƙirga duk ƙwaron da ya sauka a kan fure. Babu abin da zai hana a yi haka a kan kuɓewa ko zogale. Ba sai ka san sunan kowa ba, raba su gida-gida ya isa: ƙudan zuma, manya baƙaƙe, 'yan ƙanana, ƙudaje, malam-buɗe-littafi. Ka rubuta rana da lokaci a littafi, ka maimaita mako-mako a kan shuka ɗaya.

Duba ƙafafun baya na ƙudan zuma. Idan ka ga curin rawaya, garin fure ya kwaso. Ka zo da safe, ka sake zuwa da magariba da tocila, domin masu aikin safe daban, na dare daban. In ka ɗauki hoto da waya, manhajar iNaturalist tana taimakawa wajen gano nau'in. Abin da zai fi buɗe maka ido shi ne ƙirgar da ka yi kafin feshi da wadda ka yi washegarinsa. Yara sun fi manya ido a wannan aiki, a sa su.

To kwari na cinye mini wake da kuɓewa. In daina feshi ke nan?

Ban ce a zuba wa ɓarna ido ba. Amma magungunan da aka fi saya, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da dichlorvos, ba sa tantance mai ɓarna da mai gyara. Abin da ke ba ni takaici shi ne lokacin da aka fi yin feshin: da safe, furanni a buɗe, daidai lokacin da masu barbara suka fi yawa. Sai 'ya'ya su ragu, mai lambu ya ɗauka maganin ne bai isa ba, ya ƙara.

In ya zama dole, a bari sai rana ta faɗi, a nufi ganyen da ƙwaron yake a kauce wa fure, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kada a yi cikin iska. Wasu magungunan kuma shiga jikin shuka suke yi har su fito a garin fure da ruwan zaƙinsa, don haka canza lokaci ba ya kawar da illarsu. Wannan ne ya sa a 2018 Tarayyar Turai ta haramta amfani da imidacloprid da clothianidin da thiamethoxam a filin gona. A karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalba, a nan sunan ainihi yake. A ɗan lambun gida mai kunya biyar ko shida, tsince tsutsa da hannu da fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma sukan wadatar. Dichlorvos kuwa, wanda ake sayarwa a matsayin piya-piya, bai kamata ya kusanci abin da iyali za su ci ba.

Ina da ƙananan yara. Jawo ƙudan zuma gida ba neman harbi ba ne?

Tsoron yana da tushe, domin ƙudan zumarmu ta Afirka ta Yamma tana da zafin kare gidanta. Amma wanda ke kan fure abinci yake nema, ba ya harbi sai an matse shi ko an taka shi. Haɗarin yana kusa da saƙarsu.

Idan taronsu ya sauka a reshe suka dunƙule, masu ƙaura ne, galibi cikin kwana ɗaya zuwa uku za su tashi. A janye yara, a kwance dabbar da ke ɗaure kusa domin ba ta da hanyar gudu, a hana jifa. In sun shige silin ko kogon itacen tsakar gida, a kira mai kiwon zuma ya kwashe su, shi riba ce gare shi. Kada a sa musu wuta ko fetur; a hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, ƙudan zuma na cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Wanda aka harba a kankare ƙayar da farce nan take a sa ruwan sanyi. Idan fuska ko maƙogwaro ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko harbin ya yi yawa a jikin yaro, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Me zan yi su zauna kusa da ni?

A wasu lokutan shekara fure yakan yi ƙaranci, su shiga yunwa. Shi ya sa za ka gan su a kan garin masara a wurin niƙa ko a teburin mai rake. Zogale ɗaya da ke samun ruwan wanke-wanke yana yin fure kusan duk shekara. A bar ɗaɗɗoya ta yi fure, a bar 'yan albasa da karas su yi kai, ka samu iri su samu abinci. Tafasar da ta fito a gefen katanga ba sai an nome ta duka ba. Tsohon kututture da guntayen gora da wani lungu na ƙasa da ba a share ba, gidaje ne ga masu zaman kaɗaici.

Sai ruwa, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da suke ɗibarsa don sanyaya saƙa. A samu kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa yadda kawunansu za su fito sama don kada kwarin su nutse, a ajiye a inuwa nesa da randa da wurin wasan yara. A riƙa zubar da ruwan ana sake sabo duk bayan kwana biyu saboda sauro.