Waiwaye: Binciken Turancin Yaran Zuru da Yauri

Akwai wani zato da ya daɗe yana bin masu nazarin yadda yaran Arewa ke koyon Turanci: wai duk yaron da ya shigo aji da Hausa ya buɗi baki. A Gwandu ko Jega zaton bai yi nisa da gaskiya ba. A ƙasar Zuru da Yauri kuwa, ina! Ga Dakarkari da Fakawa da Dukkawa, ga Kambari da Gungawa, kowa da harshensa. Da yawa daga cikin waɗannan yara Hausa ce ta biyu a bakinsu, Turanci na uku.

Hanyar binciken da ta fara tashe ita ce ta kwatanta harsuna biyu, wadda masanin harshe Robert Lado ya yayata daga Amurka a 1957. A jera sautuka da nahawun harshen yaro kusa da na Turanci, a hango inda zai yi tuntuɓe. Ta yi wa Bahaushe rana, don ta bayyana abin da ya sa "p" da "f" ke rikita shi. Amma Badakkare fa? Hausa na raba "shi" da "ita", harshensa na C'lela ba ya raba namiji da mace haka. In ya cakuɗa su a Turanci, mai binciken da Hausa kaɗai ya riƙe ma'auni sai ya ɗora wa yaro rashin ƙoƙari.

A 1967 wani masanin harshen, Pit Corder, ya juya akalar: a daina hasashe, a tattara kurakuran da ɗalibai suka yi da gaske. Wannan ta karɓu ƙwarai a kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, kuma ba don komai ba sai don araha ce. Ka karɓi insha'in ɗalibai, ka ƙirga kurakurai, ka raba takardar tambayoyi, kundi ya kammala.

Gwaji na haƙiƙa sai a Ife, inda masanin ilimi Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yaran firamare da Yarbanci tsawon shekara shida daga 1970, aka kuma gwada su da waɗanda aka mayar kan Turanci. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Wannan "ko" ɗin ne ya ba Hausa kujerar sauran harsuna a ajin Zuru, da ma a takardun masu bincike.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da harshen uwa a duk shekarun firamare, a 2025 ta janye. A ganina, kafin a sake jan wannan igiya, mai bincike ya zauna cikin aji a Dabai ko Ribah ta ƙasar Zuru da wani ɗan gari mai jin harshen, ya naɗi muryoyi, ya ji da wane harshe malama ke fassara darasi, da wane kuma yara ke raɗa wa juna amsa.