Haɗa tankunan tace ruwa a babban akwatin kifi

A kiwon kifi na ado, tankin ƙasa, wanda masu harkar ke kira samf, wani ƙaramin tanki ne da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban akwatin gilashi ko a ɗakin da ke maƙwabtaka da shi. Ruwan akwatin yana malalowa ta wani bututu ya sauko cikinsa da nauyin kansa, ya bi ta cikin kayan tacewa, sannan injin tura ruwa ya sake mayar da shi sama. Idan akwati ya girma har tanki guda ya kasa ɗaukar aikin, akan haɗa biyu ko uku su zama layi ɗaya.

Abin da ke kawo wannan sau da yawa ba wani zurfin ilimi ba ne, ƙofar kabad ce. Teburin da ke ɗauke da akwati mai lita 700 yana da ginshiƙai a tsakiya, dogon tanki ba zai shiga ba, amma gajeru biyu za su shiga ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma kifinsa ne suka yi girma, ƙazantarsu ta ƙaru, ga shi ba ya son kwance tsarin da ya riga ya zauna.

Aikin da ake rabawa

Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da kashinsa, kuma ko kaɗan ce guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya irin su Nitrosomonas ke mayar da ita nitirait, wasu kamar Nitrospira su mayar da nitirait ɗin nitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyin a wajajen 1890. Ba sa yawo cikin ruwa sosai, manne suke a jikin soso da tsakuwa da 'yan robobi, suna kuma buƙatar iskar oksijin ba yankewa. Ƙarin tanki ke nan ƙarin wurin zama ne gare su, da ƙarin ruwa da zai sa duk wani canji na zafi ko na gurɓata ya zo a hankali.

Yawanci tankin farko shi ke karɓar datti mai kauri, da safar tacewa ko auduga da soso. Na biyu na bakteriya ne. A akwatin ruwan gishiri mai murjani, akan keɓe guda ga na'urar da ke kwashe ƙazanta ta hanyar kumfa, wani kuma a shuka masa gansakukar Chaetomorpha a ƙarƙashin fitila domin ta shanye nitiret da fosfet. Injin mayarwa yana zama a ƙarshen layi.

Yadda ake haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera tankunan a kan bene ɗaya, a huda gefen kowanne kusa da ƙasa, a ratsa bututu tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana daidaita tsayin gini da farin tiyo mai ruwa a ciki ya san ƙa'idar: ruwan da ke haɗe yana neman tsayi ɗaya a kowane ɓangare. Sai dai wannan daidaito na ruwan da ke tsaye ne. Da zarar inji ya tashi, dole ruwan tankin farko ya ɗara na biyu tsayi, domin wannan ɗan bambancin ne kaɗai ke tura shi ta cikin bututun.

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskure ne mai jiƙa ɗaki. Mutum ya ga bututun da ke fita daga injinsa mai faɗin milimita 25 ne, sai ya sa irinsa tsakanin tankuna. Ya manta wancan ƙarfin inji ke bayansa, wannan kuwa ba abin da ke tura shi sai tazarar 'yan santimitoci. Da bambancin tsayi na santimita 5, ruwa ba zai wuce gudun mita ɗaya a daƙiƙa ba, don haka bututun milimita 25 ko lita 1,800 ba zai kai ba a awa guda, kafin ma a cire abin da lanƙwasa da gogayya ke ci. Akwati mai lita 720 da ake son ruwansa ya zagaya sau biyar a awa yana bukatar lita 3,600. Tankin farko zai cika ya tumbatsa, na ƙarshe ya ƙafe, inji ya shiga shaƙar iska yana ƙara. Ninka faɗin bututu sau biyu yana ninka bakinsa sau huɗu, shi ya sa milimita 50 ya fi dacewa, biyu kuma sun fi ɗaya, don katantanwa ko guntun soso na iya toshe guda cikin dare.

Hanya ta biyu ita ce ta tsani: a ɗora tankin farko a kan dakali, ruwansa ya malalo cikin na ƙasa. Tana riƙe tsayin ruwan tankin sama a wuri ɗaya, abin da na'urar kumfa ke so, amma tana cin wuri a tsaye.

Akwai wadda ya kamata a guje mata gaba ɗaya, wato sa inji ya ɗebi ruwa daga wani tanki zuwa wani, wani injin dabam kuma ya dawo da shi. Injuna biyu ba sa taɓa gudu daidai, ko kamfani ɗaya ya ƙera su. Haka ma tiyon da aka lanƙwaso ta saman tankuna, irin yadda ake zuƙo fetur daga mota: iska na taruwa a ƙololuwarsa, wata rana ya yanke.

Idan wuta ta ɗauke

Inji na tsayawa, amma ruwan babban akwatin ba ya tsayawa nan take. Yana ci gaba da saukowa har ya kai bakin magudana, bututun mayarwa ma yakan juya ya zama mazuƙi. A akwati mai tsawon santimita 200 da faɗin 60, saukar santimita 3 kacal lita 36 ce, ban da abin da ke cikin bututai. Dole tankunan ƙasa su kasance da sararin da zai haɗiye wannan. Idan tsayinsu ba ɗaya ba ne, mafi gajarta shi ke yanke hukunci, don ruwan zai daidaita a kansa ya zube. A tsarin tsani kuwa nauyin duka yana kan na ƙasa. Akan huda ɗan rami a bututun mayarwa, ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, domin iska ta shiga ta katse zuƙowar, sai dai gansakuka da gishiri na toshe shi, yana son a riƙa bi da tsinke. Bawul mai hana ruwa komawa ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, kamar Najeriya, inda masu kiwon tarwaɗa a tankuna masu zagayen ruwa ke amfani da wannan ƙa'ida, gwajin kashe inji da gangan a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya shi ne matakin farko kafin a saka kifi.

Kayan aiki da kulawa

Ana huda gilashi da abin huda mai bakin lu'ulu'u, ana zuba ruwa a hankali. Gilashin da aka gasa don ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Idan an haɗa tankunan gilashi biyu da sandararren bututun PVC, ɗan motsi kaɗan na iya tsaga ɗaya, don haka akan sa guntun bututu mai laushi a tsakiya, da bawul a kowane gefe domin a iya ware tanki guda a wanke shi. Gam ɗin silikon na banɗaki mai maganin fumfuna yana kashe kifi, sai wanda aka yi don akwatin kifi.

Ruwan da ya ƙafe daga dukan tsarin a sashen inji yake nunawa, can ake sa alamar awo da na'urar ciko. A ruwan gishiri, ruwa mara gishiri ake cikawa da shi, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba. Soson bakteriya kuma ba a wanke shi da ruwan famfo mai kulorin, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin.