Colossal Cave Adventure

Colossal Cave Adventure wasan kwamfuta ne da babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Will Crowther ya rubuta shi tsakanin 1975 da 1976 a Amurka, kuma shi ake ɗauka a matsayin kakan wasannin kasada na rubutu. Kwamfuta ce ke bayyana wa ɗan wasa inda yake tsaye, shi kuma ya buga umarni da kalma ɗaya ko biyu na Turanci, kamar ya ce a ɗauki fitila ko a nufi gabas, sai ta ba shi labarin abin da ya biyo baya.

Crowther ma'aikacin kamfanin Bolt, Beranek and Newman ne, yana cikin waɗanda suka gina ARPANET, hanyar haɗa kwamfutoci, wadda daga baya ta haifi intanet. Amma abin da ya ba wasan rai shi ne sha'awarsa ta shiga kogo. Shi da matarsa Patricia sun yi aikin zana taswirar kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Bayan aurensu ya mutu, ya rubuta wasan da harshen manhaja na Fortran a kan kwamfutar PDP-10, don 'ya'yansa mata biyu su samu abin yi tare da shi. Shi ya sa kogon wasan yake da ƙamshin gaske: ramukan da sai an yi rarrafe, ɗakunan dutse, duk an kwaikwayo su daga ɓangaren Bedquilt na kogon ainihi. A 1977 Don Woods, ɗalibi a jami'ar Stanford, ya nemi izinin Crowther ya faɗaɗa shi, ya ƙara dukiyoyi da halittu, ya mai da makin ƙarshe 350. Wannan sigar ce ta bazu a jami'o'i.

Ana farawa ne a ƙarshen wata hanya, gaban ƙaramin gini na bulo, ga daji ta kowane gefe. A cikin ginin akwai makullai, fitila, abinci da kwalbar ruwa. Can ƙasa cikin kogo maciji ya tare hanya, kuma ba a korar sa sai da ɗan tsuntsun da aka kama a keji, tsuntsun da ba ya yarda a kama shi muddin kana riƙe da baƙar sanda. Mutum kan yi kwanaki kafin ya gane wannan. Akwai kuma kalmar sihiri xyzzy, da ke ɗauke ka daga kogo zuwa gini nan take. Har yau masu rubuta manhaja suna ɓoye ta cikin ayyukansu don tunawa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ɗalibai da ma'aikatan jami'ar MIT suka fara wasan Zork a 1977, suka kafa kamfanin Infocom a 1979. Scott Adams ya fitar da wasan Adventureland a 1978 don ƙananan kwamfutocin gida. Da hotuna suka mamaye kasuwa, kamfanin wasanni na Activision ya sayi Infocom a 1986, ya rufe ofishin Infocom a 1989.

Begen da waɗanda suka tashi da wasan suke yi ba na banza ba ne. Yaro kan zauna da takarda da fensir yana zana taswira ɗaki bayan ɗaki, yana ajiye kaya a ƙasa don ya bambanta lungunan da suka yi kama da juna, gobe a makaranta a yi musayar sirri da abokai. Kamar mai sauraron tatsuniya, shi ne ke zana dodon a zuciyarsa. Masu wannan bege ne suka raya fannin: Graham Nelson ya ƙirƙiro harshen manhaja na Inform a 1993 don kowa ya iya rubuta nasa wasan, kuma tun 1995 ake gasar irin waɗannan wasanni duk shekara.