Jel-kot: fatar jirgin faiba da abin da ke dusar da ita

Tun da aka fara maganar sauya kwale-kwalen katako da jiragen faiba, wato waɗanda ake ƙerawa da zaren gilashi da ruwan roba, a kogin Neja da tafkunan Kainji da Shiroro, kalmar jel-kot ta shigo bakin masu gyara. Da yawa suna ɗaukar ta fenti ce. Ba fenti ba ce, kuma wannan kuskuren ne ke sa mutum ya lalata jirginsa da hannunsa.

Fenti, sai an gama ƙera abu ake shafa masa. Jel-kot kuwa ita ce farkon abin da ake zubawa. Maƙeri yana fesa ta a cikin mazubin jirgi, wani ruwan roba ne mai kauri da aka gauraya da launi, ya bar ta ta fara daskarewa, sannan ya shimfiɗa zaren gilashi a bayanta hawa-hawa, yana jiƙa shi da ruwan roba. Idan aka ciro jirgin daga mazubi, abin da aka fara zubawa shi ne ke waje, sumul, yana ɗaukar ido. Kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Wannan 'yar fatar ce ke tsare zaren gilashin daga ruwa da rana.

To, me ke kashe mata sheƙi? Rana ce, tare da iska. Hasken rana yana farfasa robar da ke can sama, sai ƙwayoyin launin da take riƙe da su su saki, su zama gari. Shafa tafin hannunka a jikin tsohon jirgi: idan ya fito da farin gari kamar ka taɓa allon makaranta, to fatar ta fara mutuwa. Ja da shuɗi mai duhu sun fi saurin tona kansu, fari kan ɓoye nasa har ya yi nisa. A ƙasarmu, inda jirgi ke wuni a bakin gaɓa babu rumfa, ga ƙurar hunturu, abin ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Wanke jirgin tas da sabulu, ka watsa masa ruwa. Idan launin ya dawo garau muddin yana jiƙe, to lafiyayyar fata na nan a ƙasa, gogewa kawai take jira.

Nan ne ya kamata a fahimci ma'anar "dawo da sheƙi". Ba ƙara wa jirgin komai ake yi ba, kankare matacciyar fatar ake yi har a iso mai rai. Dusashewa kaɗan, man gogewa mai laushi ya ishe ta. Wadda ta yi nisa tana son man da ke da ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki, a bi da injin gogewa mai fuskar ulu. Idan ta kai jirgin ya koma kamar an barbaɗa masa toka, sai an fara da samfefa ta ruwa, daga mai ɗan kaushi, lamba 800 ko 1000, a hau zuwa masu laushi, 1500 da 2000, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari, kafin a koma kan mai. A riƙa ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan, kamar kamu biyu, kuma kada injin ya tsaya wuri guda, domin zafinsa na ƙona fatar. Gefuna da kusurwoyi sun fi ko'ina saurin hujewa. Ni dai na fi son a bi su da hannu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin an shafa wa dusasshen jirgi baƙin mai ko man gyaɗa don ya yi ƙyalli ranar ciniki. Kwana kaɗan ya koma yadda yake, ya kuma kwashi datti. Haka wanda ya shafa kakin kariya a kan garin bai kankare ba, ya rufe cuta ne kawai. Kaki yana zuwa ne a ƙarshe, bayan sheƙin ya fito, kuma a ƙasa mai zafin rana sai ana sabunta shi bayan 'yan watanni, a kuma samar wa jirgin tamfol ko inuwa.

Kowace gogewa tana cin wani abu daga rabin milimitan nan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da zarar ka ga launi ya fara yin shara-shara, ko wani duhu da zanen zare suna leƙowa daga ƙasa, ajiye samfefa. Wannan wurin sai dai a fesa masa sabuwar jel-kot, ko a yi wa jirgin fentin da aka yi musamman domin ruwa.