Fafutuka bisa hujja: yadda sakamakon bincike ke zama aikin gwamnati

Idan ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin farar hula suka ce "fafutuka bisa hujja", suna nufin ɗaukar abin da bincike ya tabbatar a kai shi gaban mai ikon sa hannu, a nemi ya yanke takamaiman hukunci: ya kawo doka, ya sauya ƙa'idar aiki a asibitoci, ko ya ware kuɗi. Wayar da kai daban take, domin ita talakawa take fuskanta, tana neman uwa ta rataya gidan sauro ko ta kai yaro allura. Fafutuka kuwa kwamishina take nema, da ɗan majalisa, da daraktan kasafin kuɗi.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina ya isa misali. Masu bincike sun lura cewa a yankin Sahel yawancin zazzaɓin yana taruwa ne cikin 'yan watannin ruwa. Sai suka gwada ba yara magani kafin su kamu. Gwajin da aka yi a Senegal, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna raguwar zazzaɓi da kashi 86 cikin ɗari, daga baya gwaje-gwajen Mali da Burkina Faso suka ƙarfafa shi. Duk da haka sai a watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin. Abin da ya sa amincewar ta yi amfani shi ne ba ta bar wurin tantama ba. Yara 'yan wata 3 zuwa 59. Magani biyu, nau'in Fansidar da amodiyakwin. Zagaye ɗaya kowane wata, har sau huɗu a damina. Ranar farko mai rabo ya ba yaro da hannunsa, rana ta biyu da ta uku uwa ta ƙarasa. An kuma faɗi inda ya dace a yi: wuraren da fiye da kashi 60 na zazzaɓin shekara ke faɗowa cikin wata huɗu. Duk jami'in da ya karanta wannan zai iya ɗaukar biro ya lissafa yawan yaran jiharsa, ya ninka da huɗu, ya san yawan maganin da zai nema.

A 2013 aka fara rabon a Katsina, a Nijar kuma a yankuna irin su Magarya da Madawa tare da ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa. Daga 2015 wani shiri da Unitaid, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tallafa wa ayyukan lafiya da kuɗi, ta ɗauki nauyinsa ya faɗaɗa aikin a ƙasashe bakwai, har da Sakkwato da Zamfara. Zuwa 2022 yaran da ke samun maganin a ƙasashen Afirka sun kai kimanin miliyan 49. A tsakani an yi fama da abubuwan da rahoton gwaji bai hango ba: ƙarancin maganin a kasuwar duniya, da ɗacin amodiyakwin da ke sa yaro ya tofar, har sai da aka samar da ƙwaya mai zaƙi da ke narkewa a cokalin ruwa. Mai fafutukar da ya naɗe tabarmarsa ranar da aka amince da tsari bai ga ko rabin aikin ba.

Makamin farko a wannan aiki takaitacciyar takarda ce, shafi biyu, in ta yi yawa huɗu. Rahoto mai shafi tamanin ba ya wuce teburin sakatare. A layukan farko a faɗi abin da ake so a yi, da wanda zai yi, da ranar da ake so a gama. Sannan girman matsalar da alƙaluman wurin. Kwamishinan Jigawa ya fi jin lissafin ƙananan hukumominsa a kan lissafin Afirka baki ɗaya. A mayar da kashi-kashi zuwa mutane: yara kaza ne ba za su kwanta a asibiti ba, gadaje kaza za su samu sarari a watan Satumba. Sai kuɗi, wanda nan ne masu bincike suka fi sakaci. Nawa ne kan kowane yaro a shekara, da kuɗin magani, da alawus na masu rabo, da man babur, da horo? Daga wane layin kasafi za a cire? Takardar da ba ta amsa wannan ba, godiya kawai za a yi wa mai ita a ajiye.

Kada a ƙara wa hujja gishiri. Idan bincike a ƙaramar hukuma ɗaya aka yi shi, a faɗa. Idan ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai, kada a ce ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Ranar da wani masani a ma'aikata ya kama ƙari guda, sauran alƙaluman ma sun zube.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa shi ma ilimi ne. A Najeriya tarayya na iya amincewa da tsari a taron Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinoni, amma ƙananan asibitocin karkara suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda ya gamsar da Abuja kaɗai zai tarar babu abin da ya canja a ƙauye. Sarakuna da malamai ma suna cikin lissafi. Dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya faru ne alhali hujjar kimiyya tana nan daram, abin da ya rasa shi ne yarda. Kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya da aka kafa a 2009 yana cikin abubuwan da suka gyara lamarin, har aka tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Lokaci kuma: ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu na kasafi tun tsakiyar shekara. Wanda ya zo da takardarsa bayan gwamna ya miƙa kasafi ga majalisa, dama ɗaya ta rage masa, wato zaman kare kasafi a gaban kwamitin lafiya.

Babban tarkon shi ne ɗaukar doka a matsayin nasara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma raba shi: rabi ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna da gyaran asibitoci da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018, bayan shekaru ana matsa lamba. Alkawarin Abuja na 2001, wanda shugabannin ƙasashen Afirka suka ɗauka na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yanzu gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka ƙware suke bin matakai huɗu ɗaya bayan ɗaya: an rubuta a kasafi, an saki kuɗin, ya isa asusun asibiti, an kashe shi kan abin da aka ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun sakin kuɗi, kuma wa'adin amsa kwana bakwai ne. Da waɗannan takardu ake zuwa asibitin a duba ɗakin magani, a kwatanta da abin da ke rubuce.