Waiwaye: Daga Allon Kolo Zuwa Rabin Aji a Birnin Kano

Duk wanda ya shiga firamare a Kano a shekarun baya zai tuna gwajin kunne. Hedimasta zai sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa aji ɗaya. In bai kamo ba, sai baɗi. A lissafin boko ke nan, karatu ba ya farawa sai yaro ya kai shekara shida.

Birnin kuwa ba haka ya saba ba. Tun ƙarnoni kafin Bature ya iso, a garin da Wangarawa suka sauka zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili kuma ya zauna zamanin Muhammadu Rumfa, ɗan shekara huɗu ko biyar ake kama wa hannu a kai shi zauren malam. Kolo zai fara da biya baki, Fatiha da gajerun surori, kafin a wanke masa allo ya shiga babbaƙu, yana rera "alu, ambaki, wau, zal", daga nan farfaru. Kuɗin Laraba ne ladan malam, shi ma gwargwadon hali. A nan yaro ke koyon zama cikin jama'a, da jiran layi, da riƙe abu a ka. Da dare kuma kaka ta ɗora da gatanan gatananku da kacici-kacici, waɗanda ba a kiransu karatu, alhali su ne ke buɗe wa yaro baki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Bahaushe bai jira masana sun gaya masa ba.

Makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ba ta ƙananan yara ba ce. 'Ya'yan sarakuna da malamai aka nufa, don samar da ma'aikatan En'e. A can Turai kuwa an riga an yi nisa da wata hikimar: wani malami mai suna Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta wasa suna "lambun yara" a Jamus a 1840, Maria Montessori kuma ta buɗe makarantarta mai suna "gidan yara" a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907. Abin dariya, yau sunanta ne ake rubutawa a ƙofar makarantun da talaka ba ya ko tambayar kuɗinsu.

Nan ne gizo ke saƙar. Da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta a 1976, aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, an ambaci karatun kafin firamare, amma aka bar shi a hannun masu zaman kansu. Sai nazare ta zama ta 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa. Ɗan mai hali ya shiga aji ɗaya ya san riƙon fensir, ɗan maƙwabcinsa kuwa ranar ya fara ganin alli. Sai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ce ta saka kula da ƙananan yara cikin aikin hukuma, manufar ilimi ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Ita ce mutane ke kira rabin aji.

Me ya sa gwamnatoci suka waiwayo? Hujja ce ta taru. A garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962 aka ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa wasu a makarantar share fage, aka bar wasu, sannan aka bi sawunsu har suka kai shekara arba'in. Waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya ƙiyasta ribar abin da aka kashe da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a shekara.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Kingston a ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980. Yara ne da rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, kuɗin da yaran suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babu kwamfuta a ciki, babu yunifom.

Shi ya sa nake ganin yawancin nazarenmu sun kama reshe sun bar tushe. Za ka ga ɗan shekara uku da jaka ta fi shi nauyi, an ba shi aikin gida, ana alfahari ya iya ƙirge da Turanci alhali bai iya ba da labari da Hausa ba. Manufar 1977 da kanta cewa ta yi a koyar da irin waɗannan yara da harshen uwa ko na unguwa, amma iyaye da yawa ba sa ganin kuɗinsu ya biya sai sun ji Turanci a bakin yaro.

A ɓangaren hukuma, gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ana ta maganar gini da kujeru da ɗaukar malamai. A firamaren unguwa dai, rabin aji shi ne yakan samu ɗakin da ya rage da malamar da ta rage, yara cunkushe a kan tabarma. Ana tashi su koma gida su ci abinci, da yamma kuma su ɗauki allo ko su nufi Islamiyya.